Sunan da Na Hana 'Yata

Shekara goma sha tara na yi da 'yata ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso a Garuwa. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane. Mu Hausawa muna da tamu kunyar, maƙwabtanmu Fulani suka ƙara mana da tasu. Ga shi kuma sunan uwar mijina aka raɗa mata. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma Adda take ce mini, sai ka ce yayarta.

Ina sonta kamar raina, amma wa zai gani? In ta kawo sakamako mai kyau daga makaranta sai in ce ta ajiye can ta je ta ɗauraye kwanuka. Tana juya baya zan ɗauki takardar in yi ta jujjuyawa, ni da ko harafin Faransanci ban sani ba.

A gwiwa ciwon ya fara. Muka ce targaɗe ne, don ta taɓa faɗowa daga moto, wato babur. Babanta mahauci ne, ya san ƙashi, shi ya fara cewa kumburin nan bai yi masa ba. Sai da muka gama da mai ɗori da masu rubutu sannan asibiti suka tura mu Yawunde. Cutar kansa ce, ta ƙashi. Aka yanke ƙafar, aka yi ta ɗura mata magani har gashinta ya zube, daga baya likita ya ce abin ya kai huhu, mu koma gida.

Wata rana da la'asar, zafin Garuwa ya hana kowa sakat, muka fito da ita gindin darbejiya ina yi mata fifita. Kakarta mai sunan tana gefe da carbinta. Yarinyar ta kalle ni tana murmushi.

"Adda, wai kin ma san sunana kuwa?"

Na ce, "Ji shirme. Sha kununki."

"Faɗa mini in ji. Sau ɗaya kawai. Ina so in ji yadda yake fita a bakinki."

Na dubi tsohuwa, na dubi matan da suka zo dubiya. Na ce, "Ke, rufa mini asiri." Aka yi dariya, ita ma ta yi. Na ce a raina sai mun kaɗaita. Da muka kaɗaita kuma bakina ya yi nauyi, na ce gobe. Kwana shida ina cewa gobe.

Ranar da ta rasu, mata suka zaunar da ni a ɗaki. Uwar 'yar fari ba ta kuka, in ji su, sai dai ta sunkuyar da kai ta amsa gaisuwa. Na sunkuyar. Amma da na ji maza sun ɗaga makara, ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba, ko mayafi babu. Na kira sunanta da iya ƙarfina. Na sake kira. Wata goggona ta damƙe mini hannu.

"Kin haukace? Ga surukarki zaune!"

Tsohuwar ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ku ƙyale ta. Ba ni take kira ba."

Har yau akwai masu cewa na zubar da mutuncin gidanmu ran nan. Su yi ta faɗi. Kunyar da na yi shekara goma sha tara ina goyo, ban ga abin da ta tsinana mini ba. Yanzu a kasuwa in an tambaye ni 'ya'yana, da sunanta nake farawa. Ƙanwarta ta yi haihuwar fari bara, na tsaya a kanta sai da ta kira jaririn da sunansa a gaban kowa.

Ina faɗin sunan da safe, ina faɗinsa in na idar da salla. Duk unguwarmu babu wanda bai ji shi a bakina ba, sai wadda ta roƙa.