Ƙyallen Intalla Mai Jan Zare

Kakata Dela ta yi shekara goma sha ɗaya tana wanki a likitar Dakoro, tun Faransawa na mulki. Gajeruwa ce mai kaurin murya, ba ta iya raɗa ba. Ko majo, babban ma'aikacin jinya, in ya jiyo ta daga bakin rijiya sai ya gyara tsayuwa.

Shekarar babbar mura, 1957, tari ya cika gari. Majo ya yayyanka farin ƙyalle, ya ce kowane ma'aikaci ya ɗaure hanci da baki, da la'asar a miƙa wa Dela ta tafasa. Ita kuma ta sa wa kowane ƙyalle alamar zare don kada a musanya.

Cikin ma'aikatan akwai surukinta Intalla, mutumin Azagor, mijin ƴarta Halimatu. Shi ne mahaifina. Aikinsa ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka a kan raƙumi, yana riƙe da su suna yi masa tari a fuska. Halimatu kuwa tana da cikina wata bakwai.

Intalla ya karɓi ƙyallen da ladabi, ya soke shi a aljihu. A ganinsa amawalin rawaninsa na turkuɗi, wanda ya rufe masa baki, ya isa. Rawanin nan kuwa ba a wanke shi, ruwa na kashe masa ƙyalli. Majo ya ce ya sauke amawali a duba ko ya ɗaura ƙyallen, ya ƙi. A al'adar mutanensu namiji ba ya buɗe baki gaban jama'a, balle surukarsa na tsaye. Majo ya haƙura.

Dela ba ta haƙura ba, kuma ba ta buƙatar ganin bakinsa. Turkuɗi zuba yake, duk abin da ya taɓa sai ya bar masa shuni. Ƙyallen Intalla mai jan zare kuwa kullum fari fat yake dawowa, ko ninkinsa bai ware ba. Tsoro ya kama ta sosai, don a makon aka binne abokin aikinsa. Ga shi suruka ba ta yi wa suruki faɗa, ko sunansa ba ta kamawa.

Duk Juma'a takan aika masa da tuwo. Ran nan ta rufe akushi ta miƙa wa Halimatu.

"Inna, akushin ga ba shi da nauyi," in ji Halimatu.

"Kai mishi hakanan. In ya tambaya, ki ce ba ni tuƙa ma wanda ka shirin bar mini maraya."

A gaban abokansa Intalla ya buɗe, duk sun wanke hannu. Ba tuwo, ba miya, sai farin ƙyalle a ninke. Mahaifiyata ta ce ba wanda ya yi dariya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da marfin.

Washegari da la'asar Dela ta zazzage kwandon wanki. Ga mai jan zare nan, jiƙe da gumi, tsakiyarsa ta yi shuɗi. A ƙarƙashin amawali ya ɗaura shi, ba wanda ya gani. Ta jefa shi a tukunya, ta koma gida ta tuƙa tuwo har da man shanu.

Murar ta wuce bai kwanta ba. Kakata ta ƙara shekara ashirin a duniya ba ta taɓa ganin bakin mutumin nan ba. Shunin ma bai taɓa fita daga ƙyallen ba. Ranar da aka haife ni ta tafasa ƙyallen karo na ƙarshe, da shi ta ɗaure mini cibiya.