Ungulu da Hanyar Yamai

A Kurmin Mashi muka taso, inda jirage ke wucewa ƙasa-ƙasa har kwanon rufi ya ɗauki rawa. Kakarmu Iya 'yar Yamai ce. Aure ya kawo ta Kaduna, ta baro ƙanwarta Rabi a can. Bayan magariba takan zauna gaban murhu tana gasa mana masara, mu kewaye ta. Sai dai da wuya ta kai tatsuniya ƙarshe cikin daɗin rai, don da mun ji rugugin jirgi sai mu watse tsakar gida muna ihu.

"Ku bi shi ya ba ku tuwo!" in ji ta. "Ina magana kuna kallon sama."

Sai mun yi ta ba ta haƙuri kafin ta ja tsaki, ta juya masara, ta ci gaba.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wata mata ce aka aiko mata cewa 'yar'uwarta ba lafiya a garin bayan dutse. Daga ƙofar gidanta tana hango hayaƙin garin. Ta ga tafiyar ƙafa ɓata lokaci ce, ta roƙi ungulu ta goya ta. Ungulu ta ce hau. Ashe tana da nata sabgogin. Ta biya mahautar wani gari, ta sauka bakin kogi gaida dangi, ta kwana kan kuka. Matar na bayanta tana kuka tana nuni: "Ga garin can!" Ungulu ta ce, "Baiwar Allah, ni hanyar da na saba nake bi." Ko da suka isa, har an share makoki.

Haushin tatsuniyar nan muke ji. Ba kura, ba waƙa, ba abin dariya. Na taɓa ce mata, "Iya, ai da jirgi ta hau da ta isa."

Ta harare ni. "Kai ka taɓa hawa?"

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da aka bugo mini daga Yamai cewa Kaka Rabi ta kwanta, tana neman ta ga jinin yayarta. Na duba a waya, na ga tsakaninmu da su ta sama ɗan taƙi ne, kafin ka gama gyangyaɗi an sauka. Amma babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Aka kai ni Legas, na kwana kan benci. Washegari aka kai ni Lome, aka ce in jira. Yamai na arewa, ni ana ta gangarawa da ni kudu. A nan, zaune ina cizon yatsa, na gane Iya ba don ta ba mu dariya take faɗin labarin ba. Ita ce ke hango hayaƙin garinsu shekara da shekaru.

Na tarar da Kaka Rabi da ranta, an jingina ta da matashi. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana duban fuskata.

"Me ya tsare ka haka?"

Na ce, "Kaka, ta Lome aka biyo da mu."

Ta saki hannun, ta ja dogon tsaki.

"Ina kwance ina jiranka, ka tafi kallon teku? Wa ka sani a Lome?"