Alwalar Malam a Gindin Dashena

Na dawo daga Konni da la'asar, sai ga Malam maƙwabcinmu tsugune da buta a gindin dashena, yana alwala. Itacen ƙasar Turawa mai sanyi ne, ana ce masa sida; na karanta cewa ba ya jure ƙishi, ga bazarar Illela ta kankama.

Raina ya ɓaci. "Haba Malam! Duk faɗin ƙofar gidan nan, sai kan iccena?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ɗana, kullum kana bisa babur. Wa kaka zato ka ba shi ruwa?"

Na duba, ga sabon toho kore shar. Na shiga gida na ɗauko masa kujera.

Jama'a, itacen da ruwan alwala ya raya, har yanzu na Turawa ne?