Ƙuri'ar da Ta Hana Malam Sa'idu Komawa Gida

Ina cikin mota a mahaɗar Dei-Dei, tirela a gabana tirela a bayana, Lawal, ƙanen Malam Sa'idu, ya kira ni ya ce Malam ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Awa biyu na yi a wurin, ba gaba ba baya. Kafin in isa an riga an yi masa salla.

Kwanon rufi yake sayarwa, amma mu a matsayin shugaban ƙungiyar mazauna unguwa muka san shi. Shekara tara yana kan kujerar, ni ina sakatare. Lahadin farko na kowane wata muke taruwa a ajin wata firamare, Hausawa da Gwarawa da Ibo da Yarabawa. Shi ya tsara mana yadda za a yi: kowa minti uku, agogonsa a kan tebur, mai gida da ɗan haya ƙuri'a ɗaiɗai.

Ranar da ake muhawarar hana tireloli kwana a layinmu, wani babban ma'aikaci ya katse Maman Chidi mai abinci saboda Hausarta ba ta fita. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Oga, minti ukun nan nata ne. Ko da hannu za ta yi bayani, za mu jira."

Da ya lura 'yan haya sai sun saci kallon masu gidajensu kafin su ɗaga hannu, sai ya zo da bokitin fenti da 'yan takardu, kowa ya rubuta ya jefa. Yakan ce wanda aka hana magana a taro zai je ya yi ta a bayan taro.

Akwai dokar da shi ya rubuta da hannunsa: shugaba ba ya sauka kafin wa'adinsa sai taro ya amince. Bara ciwon suga ya matsa masa. Ya miƙe, ya duba agogo kamar kowa, ya ce yana so ya koma Funtuwa ya ƙarasa kwanansa kusa da 'yan uwa. Masu gidaje da 'yan haya ba su yarda da juna ba, shi kaɗai duka suka yarda da shi. Kowa ya san haka. Aka jefa takardu, ni na ƙirga. Ƙuri'a ɗaya ta raba, aka ƙi.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: a'a na rubuta. Tsoron abin da zai biyo bayansa nake yi.

Na same shi bayan taro na ce ya tafi abinsa, babu wanda zai kai shi ƙara. Ya daɗe yana ɗaura agogonsa.

"Malam Isa, in na taka dokar yau, gobe wa zan ce ya bi ta?"

Haka ya ci gaba da zuwa, daga baya har da sanda. Saura wata huɗu wa'adinsa ya ƙare ya rasu. A nan Abuja aka binne shi, ban kuwa nemi gafararsa ba.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'idu, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah Ya ba matarsa Hajiya Binta da 'ya'yansa da Lawal haƙurin rashinsa. Mu da muka riƙe shi, Allah Ya yafe mana. Amin.