Tagogin Garin da Ban Taɓa Takawa Ba

Ni rakiya na zo yi Kuala Lumpur. Maigidana aka turo karatun digiri na uku, ni kuwa na biyo shi da tukwane da ƙullin daddawa da kuka, kamar yadda matan ɗalibai suke zuwa. Wata shida ina zaune a hawa na goma sha ɗaya na wani bene kusa da unguwar Titiwangsa, in yi girki in leƙa jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa, har zaman ya fara cin raina. Ina da digirina na zanen gine-gine tun daga gida, yana kwance a ƙasan akwati. Na ce wa maigidan zan yi na biyu. Ya ce to, amma in sani ranar da ya gama nasa za mu tattara mu koma, ko na gama ko ban gama ba, don waɗanda suka turo shi ba za su ƙara masa ko mako ɗaya ba.

Abin da na zaɓa in bincika shi ne gidajen wani tsohon gari a arewacin ƙasar Filifin, waɗanda aka gina tun zamanin mulkin Sifaniyawa. Hotonsu na fara gani, raina ya biya. Ƙasan gidan dutse ne da bulo, samansa katako. Ƙofar waje faɗaɗɗa ce, keken doki yana shiga da kayansa, sannan an yanka wata 'yar ƙarama a jikin ƙyauren don masu shiga da ƙafa. Tagogin sama ba gilashi gare su ba. Ɓawon wata katantanwar teku ake ferewa ya yi shara-shara, a yanka shi ƙanana a jera cikin katako, sai hasken rana ya shigo a sanyaye kamar ya ratso farin mayafi. A ƙarƙashin kowace babbar taga kuma akwai wata ƙarama daidai gwiwar mutum, mai 'yan sandunan katako, ana zuge ta iska ta shigo ta ƙasa.

Waɗannan ƙananan tagogin su suka kama ni. Na taso a Kano, na ga yadda muka bar ginin kakanninmu muka koma gidan siminti mai tagar alminiyom, wanda idan aka ɗauke wuta a watan zafi sai ka rantse a tanda kake kwance. Ina so in san yadda mutanen can suka daidaita girman ƙaramar taga da babbar har gida ya sha iska ba fanka. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da awo. Dole in je da tef in auna taga bayan taga.

Saura kwanaki kaɗan in tafi korona ta iso. Aka rufe iyakoki, aka sa dokar kulle. Jalan Tuanku Abdul Rahman, hanyar kasuwa inda a da sai ka yi ture kafin ka kai shagon masu yadi, ta koma wayam. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, maigidan ne ke fita da takunkuminsa, ya dawo mini da kabeji in na ce latas. Muka yi ta cewa wata mai zuwa za a buɗe. Watanni suka yi ta zuwa suna wucewa, shi kuma nasa aikin duk a kwamfuta yake, yana ta gaba abinsa.

Farfesar da ke duba aikina, wata dattijuwa 'yar ƙasar, mutuniyar kirki ce amma ba ta kwana-kwana. Ta kira ni ta bidiyo ta ce hoto ba awo ba ne, idan babu awo babu kundi. Ko dai in samo awon, ko in sake wani batun daga farko. Sake batu kuwa shekara guda ce cur, ni kuma wata bakwai suka rage mana a ƙasar.

Da na gaya wa maigidan, sai ya ce, “Haba madam, just change topic lah, ki sake batu kawai. Ko ki bari in mun koma gida ki yi a can.”

Na dube shi na ce, “Ranka ya daɗe, kai da ka zo da naka aikin wa ya ce maka ka bari sai ka koma gida?”

Ya ga idona, ya ɗauki kwamfutarsa ya koma ɗaki. Ni kuma haushi ya sa na ɓalle duk hotunan gidajen da na manna a bangon falo, na kai su bakin kwandon shara na dire.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Maƙwabciyata ce, wata 'yar Filifin mai koyarwa a makarantar ƙananan yara da kullen ya zaunar da ita a gida. Tsakaninmu da ma gaisuwa ce, sai ɗan abin da muke rataya wa juna a hannun ƙofa, ni ƙosai ita soyayyar ayaba. Ta tsaya can nesa da takunkumi, riƙe da ɗaya daga cikin hotunan da na zubar, ta ce me ya haɗa ni da layin da ke cikin hoton? Ashe daga lardin da garin yake ta fito, kuma 'yar'uwar mahaifinta tana zaune a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje tun aurenta. Nan na zayyana mata halin da nake ciki.

Da yamma muka kira tsohuwar ta bidiyo, ni a bakin ƙofata, maƙwabciyar a bakin tata tana fassara. Nan take na sa mata suna Goggo, ta kuwa karɓa da dariya. Ta haura saba'in, gajera, ga surutu. Su ma can an hana tsofaffi fita, kaɗaici ya ishe ta, sai ta ɗauki wayar ta zaga da ni gidan kaf. Ta nuna mini sakatar babbar ƙofa, wani gungumen katako da ake zurawa cikin bango. Ta nuna ƙarfen tagar ƙasa da aka lanƙwasa ya turo tumbi waje, ta ce a nan ake ɗora tukunyar fure. Ta nuna sassaƙen huji-huji a saman bangon ɗakuna, inda iska ke ƙetarawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Da ta durƙusa ta zuge ƙaramar tagar nan, na ga labulen bayanta ya motsa, sai hawaye ya zubo mini. Shekara ɗaya da rabi ina karanta labarin wannan taga, ban taɓa ganin an buɗe ta ba.

Goggo ta ce tana da ƙawaye biyar 'yan cocinsu, duk a irin gidajen suke, duk zaman banza ya dame su, za su auna mini. Matsala ɗaya ce: babu mai tef a cikinsu, shagunan kayan gini a rufe, kafintan unguwa ba ya shiga gidan tsofaffi.

Sai na tuna ni 'yar magini ce. Mahaifina ginin ƙasa ya yi duk rayuwarsa a cikin birnin Kano, ban taɓa ganinsa da tef ba. Da kamu yake awo, wato daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, abin da ya yi saura ya cike da yatsu. Na nuna wa Goggo yadda ake yi, ta nuna wa ƙawayenta. Cikin mako guda awo ya fara shigowa, kamu kaza da yatsu kaza. Na auna nawa kamun da tef, na lissafa komai da shi, ina ta yi wa kaina kirari.

Da na zana abin da ya fito, sai ga shirme. Gida biyu da ke jere, waɗanda a hoto tagoginsu kamar tagwaye, ɗaya ta fi ɗaya da kusan rabin ƙyaure. Wata ƙofar kuma, in an bi lissafina, ko ni sai na sunkuya zan shiga. Na kwana biyu ina zargin tsofaffin da wasa da aikina.

Na kira mahaifina bayan la'asar, lokacin su hantsi ne a Kano. Na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari.

“Uwata,” haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, “duk bokon nan, ba ki san hannu ba ɗaya ba ne? Mata shida, kamu shida, ki zo ki auna su da naki na bakwai?”

Kunya ta kama ni. Na ce, “To Baba, ku yaya kuke yi in kun taru a gini ɗaya?”

Ya ce ai ba a fara aiki sai babban magini ya yanki kara daidai kamunsa, kowa ya yanki nasa a jikin wannan. Daga nan hannun kowa ya huta, karan ne ke magana. Ya ce in nemo abin da yake ɗaya a wurina da wurinsu, in yanka musu kara da shi.

Na yi ta juya gidan ina neman abin da girmansa ɗaya ne a Kuala Lumpur da can. Maƙwabciyata ce ta fito da katin bankinta na gida, na ɗora nawa na nan a kai, na ɗauko na Najeriya na ƙara. Duka ukun suka haɗe baki ɗaya, babu wanda ya leƙo. Kara kuwa babu, don ba su da dawa a can, amma kowane gida akwai tsintsiyar kwakwa mai dogayen tsinkaye. Na ce kowace ta zaro tsinke ɗaya miƙaƙƙe, ta auna tsawon kati sau huɗu a jikinsa ta yanke, ta yi masa tsaga a kowane kati, sannan ta turo mini hotonsa kusa da katin, a kife don kar lambarsa ta fito, in gani da idona. Biyu na mayar suka sake. Ɗaya daga cikinsu ta aiko a gaya mini na fi malamar firamarensu tsanani.

Kafin su fara, na yanki nawa tsinken na auna ƙofofi da tagogin gidanmu, sannan maigidan ya bi bayana da tef yana rubutawa. Shi da ya ce in sake batu, shi ne ya hau kujera yana kira mini lambobi. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba.

Mako biyar tsofaffin nan suna awo. Kowace taga sau uku nake sa a auna ta. Goggo kan kira ni ta jingina wayar a kan kujera in ga yadda take ɗora tsinken tana sa alama da alli, tana yi tana ba ni labarin surukarta da ta rasu. Wannan karon tagwayen tagogin suka fito tagwaye. Da na jera gidajen shida, sai ga abin da nake nema ya bayyana: duk inda babbar taga ta ƙaru, ƙaramar ƙasanta tana bin ta da kusan kaso ɗaya, kuma waɗanda ke fuskantar inda iska ke tasowa sun fi faɗi. Farfesata ta duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “Boleh.” Wato ya yiwu.

Ranar kare kundi saura mako uku mu bar ƙasar. Ta bidiyo aka yi, ina zaune a falo da sabon mayafi. Cikin masu jarrabawar akwai wani dattijo mai farin gashi da ya zo daga wata jami'ar. Ya bari na gama bayani tsaf, sannan ya ce, “Kin taɓa zuwa garin nan?”

Na ce ban taɓa ba.

“To da me aka yi awon?”

Na ɗaga tsinken tsintsiyata a gaban kyamara. Na ga ya cire tabarau. Ya ce shi a iya shekarunsa bai taɓa sa hannu a kan kundin da aka auna da tsintsiya ba. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, “Farfesa, akwai katin banki a aljihunka? Akwai tef a gidan?” Ya ce akwai. Na roƙe shi ya sami takarda ya auna tsawon katin sau huɗu a gefenta, ya auna ƙofar ɗakin da yake ciki da ita, sannan ya sake da tef.

Ban zaci zai tashi ba, sai ga shi ya tashi. Muka zauna muna kallon kujerarsa babu kowa, ana jin motsinsa daga gefe. Da ya dawo ya zauna, ya dubi takardar, ya dubi tef ɗin, ya tambaye ni wa ya koya mini wannan. Na ce mahaifina, magini ne a Kano. Ya ce gyara ɗaya yake so: in rubuta wannan hanyar awon a babi na kanta, in kuma faɗi daga inda ta fito.

Suka fitar da ni na 'yan mintuna, suka dawo da ni, Farfesata ta ce na ci.

Ban san lokacin da na fita baranda na rangaɗa guɗa ba, ni da ko a biki ban taɓa yi ba. Maƙwabciyata ta fito tana buga murfin tukunya, maigidan yana ta cewa in yi a hankali kar a kira mana masu gadi. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Da la'asar na kira Kano.

“Baba, na ci.”

“Alhamdu lillahi. Da karan?”

“Da karan, Baba. Sun ce ma in rubuta a littafin cewa kai ka koya mini.”

Mutumin nan ya shekara arba'in masu tef da hular kwano suna zuwa wurin gini suna ce masa ya matsa gefe. Sai na ji ya janye wayar daga bakinsa, yana ce wa mutanen da ke zaune da shi a zaure, “Ku matso ku ji. Uwata, sake faɗa, a hankali, su ji da kunnensu.”