Aling Pacing da Tanki na Tara

Shekara talatin da ɗaya ke nan rabon Aling Pacing da karin kumallo irin na mutane. Aling a wajenmu kiran girmamawa ne, kamar a ce Inna. Maƙwabta na soya shinkafar jiya da tafarnuwa, ƙamshin busasshen kifi na shigo mata ta taga, ita kuwa sai farar shinkafa da ruwan ɗumi. Ba kofi, ba barkono, ba turare. Kafin azahar harshenta ba nata ba ne, na babban kamfanin giyar da ke bakin garinmu ne.

Ƙarfe goma take zama a ɗakin ɗanɗano, ita da wasu mutum huɗu, kowa da ƙananan kofuna a gabansa. Kada ku zaci giyar manya ce. Mai arhar nan ce, mai ƙarfi, ta babbar kwalba, wadda direbobi da leburorin gini ke zagayawa da kofi ɗaya bayan tashi daga aiki. Ta shinshina, ta kurɓa, ta haɗiye, don a maƙogwaro ɗacin yake bayyana, sannan ta rubuta. A gida kuwa ko ɗigo ba ta sha. Mijinta, Mang Ambo, kan ce, "Kaf garin nan ni kaɗai ne matata ke sammakon zuwa mashaya, kuma a biya ta!"

Saura wata biyu ta ajiye aiki, ana mako guda kafin bikin waliyyin gari, sabon manaja, Injiniya Macaraeg, ya shigo ɗakin da fara'arsa. Ya ɗauki kofin tanki na tara ya riga kowa kurɓa, ya ce, "Kai, wannan ta yi!" To, a wajenmu, in babba ya riga ya yaba abu, wa zai kunyata shi a gaban jama'a? Mutum huɗu suka sunkuyar da kai suka rubuta "ta yi". Aling Pacing ta sake kai kofin hanci. Can ƙasa-ƙasa akwai wani ɗan wari irin na ɗakin asibiti.

Ta ce, "Ser," wato yallaɓai, "wannan ba za ta fita ba."

Manaja ya ce, "Haba Manang," wato babbar yaya, "na'urar gwaji ta ce lafiya lau."

"Na'ura ba ta da hanci, Ser."

Ya yi dariya. "Masu shan wannan fa ƙanƙara suke zubawa. Daga kofi na uku, ko ruwan wanki kika ba su ba za su gane ba."

"Shi ya sa aka ajiye ni, ai. Su ba za su gane ba."

Aling Doray, abokiyar zamanta a teburin, ta taɓa ta da gwiwar hannu ta raɗa mata, "Mare, ƙawata, rufa wa kanki asiri. Wata biyu kacal! Kin tabbata ba tsufa ba ne?"

Doray ta taɓo mata inda yake ciwo. Kwanan baya ta lura furen ƙofar gidanta ba ya mata ƙamshi kamar da, ba ta faɗa wa kowa ba. Duk da haka ta ƙi sa hannu. Aka rufe tankin, aka tura samfur Manila. Manaja ya gaya mata ƙiri-ƙiri, in sakamako ya dawo lafiya, za a cire ta daga teburin a matsayin wadda harshenta ya mutu.

Kwana huɗu muna kallonta tana ramewa. A kasuwa an gan ta tana ɗaukar lemun tsami ta shinshina ta ajiye, ta ɗauki sabulu, ta ɗauki citta, har mai tebur ta ce, "Manang, saye za ki yi ko da hanci za ki cinye min kaya?" Direbobin da motocinsu ke tsaye a bakin ƙofar kamfani suna jiran lodi suna yi mata ihu, "Manang, bikin bana da ruwan kwakwa za mu yi shi?" Mang Ambo ma ya daina tsokana, wannan kuwa ya fi komai tsorata mu.

Ranar Juma'a sakamako ya iso. Maganin wanke bututu ne ya zurara cikin tankin ta wani murfin da ya saki. Injiniya, don Allah a yaba masa, ya zo da kansa ya tsaya a gabanta ya ce, "Manang, daga yau ni ne na ƙarshen kurɓa." Ita dai ta ja kujera ta zauna.

Aling Pacing, ke ce kika tsaya wa mutanen da ba su san sunanki ba, har da waɗanda suka yi miki ihu a bakin ƙofa. Ba don kin tabbata kika tsaya ba, kina tsoro kika tsaya, kuma wannan shi ne abin da muke jinjina miki a kai. Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar hutawa.

Amma gaskiya hankalinmu bai kwanta ba. Wata biyun sun kusa cika, ƙarshen watan nan kujerarki za ta zama babu kowa. Doray, da ku sauran ukun, gare ku muke magana: ranar da wani babban zai sake cewa "ta yi", ku tambayi hancinku tukuna. Mazanmu da 'ya'yanmu ne za su sha.