Fitilar da Yaya Habu ya yi wa amalanken shanu

Bana shekara goma ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, Allah ya jiƙansa. Duk shekara idan kaka ta yi, aka fara jigilar masara da auduga, sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai kuma jikina ya mutu. Bana na daure, domin na je Ƙarfi a watan jiya, na dawo da abin da ya tsaya mini a rai.

Malamin lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a a Funtua. Ni ƙanwarsa, nas ce a Malumfashi har na yi ritaya, kuma a bakina ya ji matsalar da ta cinye masa sauran rayuwa. Manomi zai yi lodi a amalanken shanu, magariba ta riske shi a kan titi, ba shi da ko ƙyallin haske a baya. Direba ya taho a guje, ba zai gan shi ba sai ya hau kansa. Mu a asibiti ake kawo wa abin da ya rage. Ni ina ba Yaya labari ne don in sami sauƙin zuciya, shi kuwa bai iya jin labari ya bar shi a labari ba.

Ya fara da ƙwan fitilar mota na yau da kullum, amma siririyar wayar da ke cikinsa ba ta jure girgizar hanyar gona, ga shan batir. Sai ya koma ga niyon, iskar nan da ake ɗurawa a bututun gilashi a yi rubutun talla a ƙofar otal. Ba ta da wayar da za ta tsinke, haskenta ja ne da kansa, kuma batirin babur da ɗan ƙaramin taransifoma sun ishe ta. Hutu guda ya kwashe a Kaduna wurin wani Bayarabe mai yin allunan talla, yana koyon lanƙwasa gilashi a wuta. Ya dawo da yatsu duk ƙuna, yana murna kamar an ba shi kujerar Makka.

Fitilunsa na farko ba sa ganin kaka ta biyu. Ya sha yi mini bayanin dalili, ina gyaɗa kai ina tunanin miyar da na bari a wuta. Abin da na riƙe shi ne, akwai ƙarfe a kowane bakin bututun, wuta tana cin sa a hankali, burbushin ya manne a gilashi ya yi baƙi, ya kuma haɗiye iskar. Idan ka ƙara iska, fitila ta daɗe amma haske ya ragu. Idan ka rage, ta haska da kyau ta mutu da wuri. Shekaru ya yi yana lalube a tsakanin nan, har ya gano cewa idan aka yi ƙarfen da rami kamar ɗan ƙoƙo, ba ya saurin cinyewa. Daga nan ya ɗora wa kansa magana: fitilarsa za ta yi kaka goma a bayan amalanke ba ta mutu ba. Da wannan magana yake kwana, da ita yake tashi.

Bai yi lissafi da mutanenmu ba. Mu fa idan abu yana da daraja, riga muke yi masa. Rediyo tana da riga, kujerar sabon babur tana cikin leda har ta tsufa. Manoman da ya raba wa fitilun suka ga gilashi ne, kuma daga hannun Malam ya fito, sai suka kai wa dukawa. Aka ɗinka wa kowace kube na jar fata, har da tuntaye, aka bar ɗan tsagi a tsakiya. Kube ya yi kyau ƙwarai, amma direba ba ya hango komai. Yaya ya riƙa bin kasuwanni, Bakori yau, gobe wani wuri, yana roƙon a tuɓe. A gabansa za a tuɓe a yi masa godiya, yana juya baya a mayar. Na tsokane shi na ce ya bar koyarwa ya buɗe rumfar dukanci, zai fi samun masu jin maganarsa. Bai yi dariya ba, kuma ranar na lura ya fara gajiya.

Mutum ɗaya ya yarda ya bar tasa tsirara: Malam Sale, wani manomi a Ƙarfi, wanda ƙaninsa ya rasu a irin wancan haɗarin. Shi Yaya ya ɗaura wa fitila ta ƙarshe, wadda ya fi amincewa da ita. A wannan kakar ciwon ƙoda ya kwantar da Yaya. Ina gyara masa ƙarin ruwa ya ce mini, "Ladi, ki riƙa tambayar ta Sale. Idan ta kai goma, ki faɗa wa mutane." Bai bar mini wani saƙo ba bayan wannan.

Na riƙa tambaya. Duk kaka sai in kira Malam Sale, ya ce lafiyarta lau, ko ɗigon baƙi babu. In ajiye waya in ƙara ɗaya.

A tsakanin nan duniya ta wuce Yaya. Ƙananan fitilun China sun cika kasuwar Funtua, kowane keke napep yana walƙiya kamar gidan biki, ba mai maganar niyon. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai sayi ɗaya ya fasa ya ga cikinta, ya yaba hasken, sannan ya tambayi mai shago kaka nawa take yi. Abin da zai fi ba shi baƙin ciki shi ne yadda aka rage haɗarin a wasu ƙauyukan ba da fitilar kowa ba. Tsoron 'yan bindiga ya sa ba mai bari magariba ta same shi a gona.

Da kaka ta goma ta cika, na shiga mota na tafi in gani da idona. Malam Sale ya tsufa. Bayan gaisuwa da ruwa, ya shiga ɗaki ya fito da akwatin ƙarfe, ya warware wani zane, ya jona wa fitilar batir. Nan take ta kama, ja zur. Na duba bakunan bututun, garau suke kamar jiya aka hura su. Ko ni da ba na sauraron bayani na san fitilar da ta sha hanya ba ta zama haka.

Na ce, "Malam Sale, yaushe rabonta da amalanke?"

Ya ce, "Ranar sadakar bakwai na cire ta, Hajiya. Abin marigayi, ya zan bar shi rana ta doke shi, ruwa ya doke shi? Duk sallah nakan kunna ta in yi masa addu'a."

Na ce ko zai mayar da ita yanzu. Ya ce ɓarayi sun kore shanun tun bara waccan, amalanken ma yana bayan gida ƙafafunsa sun ruɓe. Ya tambaye ni ko ya yi daidai da ya adana ta. Na dubi tsohon nan, na ce masa ya yi daidai. Har yau ban ji haushinsa ba. Gajiya kawai na ji, irin wadda nake ji idan na fito daga ɗakin tiyata ba a yi nasara ba.

Me ya rage na Yaya Habu? Akwai ɗalibansa da ke gyaran wuta daga Funtua har Malumfashi, waɗanda ba sa haɗa waya su tafi sai sun tambayi kansu ko za ta daɗe. Akwai dattijo a Ƙarfi da ke yi masa addu'a kowace sallah, kuma ban raina wannan ba. Amma shi amsa ɗaya ya nema, ya kuma ce in faɗa wa mutane. To, ga abin da zan iya faɗa: fitilar tana ci. Ko za ta yi kaka goma a kan hanya, ban sani ba, ba kuma wanda zai sani. Mun girmama shi har ba mu bari an gwada ba.